Yadda Ake Sanya Wasan Karɓa-Karɓa a Allo Ɗaya Cikin Wasan Dabarun Rayuwar Namun Daji

Wasan karɓa-karɓa a allo ɗaya shi ne wanda mutum biyu ko fiye suke zama a gaban kwamfuta ɗaya ko waya ɗaya, kowa ya yi nasa motsin idan layi ya zo kansa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Tsohon tsari ne wanda wasanni irin su Worms na 1995, da Heroes of Might and Magic III na 1999, da Battle for Wesnoth da ya fara fitowa a 2003, suka yi amfani da shi, kuma har yau yana da daraja domin ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar sabar, ba ya kuma buƙatar na'ura ta biyu. Ga wanda ya riga ya gina wasan mutum ɗaya, babu hanyar da ta fi wannan arha wajen shigo da abokan wasa.

Wannan bayani ya ɗauka cewa kana da wasa mai aiki, wanda aka gina da injin Godot 4 da harshensa na GDScript, mai taswira da aka yanka gida-gida, inda ɗan wasa yake jagorantar garken ɓauna ko na gwanki, ko zugar kuraye, ko ayarin zakuna, yana nema musu abinci da ruwa, yana kare su daga yunwa da maƙiya, damina da rani suna juyawa a kansu. Godot kyauta ne a ƙarƙashin lasisin MIT tun 2014, amma duk abin da za a faɗa a nan zai yi aiki a Unity ko wani injin idan aka sauya sunaye. Abu biyu ne suke riƙe da dukkan aikin: dajin ya kasance yana da agogo ɗaya tak komai yawan 'yan wasa, kuma kowane ɗan wasa ya kasance yana da nasa idanun da ba na kowa ba.

Mataki na farko: ka nemo duk inda wasan ya ɗauka cewa ɗan wasa ɗaya ne

Kafin ka rubuta sabon abu, ka bi kod ɗinka fayil bayan fayil kana neman duk wurin da aka ajiye wani bayani kamar na duniya baki ɗaya alhali na mutum ɗaya ne. Yawan abincin da aka tara, da makin da aka ci, da gidajen taswira da aka gano, da inda kyamara take tsaye, da dabbar da aka zaɓa, da saƙonnin da suka fito, duk waɗannan a wasan mutum ɗaya sukan zauna a cikin Autoload guda, wato kod ɗin da Godot yake lodawa tun farko ya bar shi a buɗe ga dukkan wasan, kuma kowane sashe na wasan yana ɗiba daga can kai tsaye. Sai ka kwashe su ka zuba a cikin aji na musamman wanda kowane ɗan wasa zai samu nasa kwafin:

```
class_name DanWasa
extends RefCounted

var lamba: int
var suna: String
var jinsi: String
var mutum_ne: bool = true
var yana_raye: bool = true
var gani: PackedByteArray
var kyamara: Vector2
var rahoto: Array = []
```

Bayan haka kowace dabba ta samu lambar mai ita. Dabbobin da ba na kowa ba, wato waɗanda kwamfuta take tafiyar da su domin raya dajin, ka ba su lambar da ba ta ɗan wasa ba, misali -1. Duk inda kod ɗin yake tambayar ko wannan dabba ta ɗan wasa ce ko ta abokin gaba, ka sauya tambayar ta koma kwatanta lambar mai dabbar da lambar wanda yake da layi a yanzu.

Shawarata ita ce kada ka ƙara ɗan wasa na biyu a wannan matakin. Ka bar jerin 'yan wasa da mutum ɗaya a ciki, ka buga wasan daga farko har ƙarshe, ka tabbatar komai yana tafiya yadda yake tafiya a da. Idan wani abu ya lalace a nan, ka san daga gyaran ne, kuma gano shi yana da sauƙi. Idan kuwa ka haɗa gyaran da sabon ɗan wasa a lokaci guda, kowane kuskure zai samu wurare biyu da zai ɓuya.

Mataki na biyu: ka raba layi da zagaye

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne wasan namun daji ya bambanta da wasan yaƙi na sojoji. A wasan mutum ɗaya, da ɗan wasa ya danna maɓallin kammalawa sai dajin ya motsa: ciyawa ta tsiro, ruwan tafki ya ragu, yunwa ta ƙaru, dabbobin daji su yi tafiyarsu, rana ta wuce. Idan ka bar wannan yadda yake ka ƙara mutum uku, dajin zai motsa sau huɗu kafin kowane ɗan wasa ya sake taɓa garkensa.

Lissafi zai nuna girman ɓarnar. Yawancin irin waɗannan wasanni suna tsirar da ciyawa ne da ƙa'idar da Pierre Verhulst ya wallafa a 1838, inda ƙaruwar take daidai da saurin tsiro, sau yawan ciyawar da ke akwai, sau kason filin da bai cika ba, misali rabi idan ciyawar ta kai rabin iyakarta. A ce iyakar ciyawar gida ɗaya 100 ce, saurin tsiro 0.3, kuma akwai 50 a ƙasa. Motsi ɗaya zai kai ta 57.5. Motsi huɗu a jere kuwa zai kai ta kusan 78. Ita ma yunwa haka za ta ninka, har garken da aka tsara ya jure kwana goma ba ruwa ya hallaka bayan mai shi ya yi wasa sau uku kacal. Duk ma'aunin da ka sha wahalar daidaitawa a wasan mutum ɗaya zai rushe.

Maganin shi ne a samu ma'auni biyu na lokaci. Layi shi ne lokacin ɗan wasa guda. Zagaye shi ne idan kowa ya yi layinsa, kuma a ƙarshen zagaye ne kaɗai dajin yake motsawa:

```
func kammala_layi() -> void:
    matsayi += 1
    while matsayi < jeri.size() and not jeri[matsayi].yana_raye:
        matsayi += 1
    if matsayi >= jeri.size():
        tafiyar_da_daji()
        fara_sabon_zagaye()
    else:
        mika_ga(jeri[matsayi])
```

Daga nan sai ka zauna da takarda ka raba kowane abu mai ƙirga lokaci gida biyu. Tsiron ciyawa, da ƙafewar ruwa, da yunwa da ƙishirwa, da tsufa, da ciki da haihuwa, da ruɓewar mushe, da sauyin yanayi, duk na ƙarshen zagaye ne. Ƙarfin tafiya da adadin ayyukan da dabba za ta iya yi kuwa ana sabunta su ne a farkon layin mai ita. Akwai rukuni na uku da ake yawan mantawa, wato halin da ɗan wasa ya sa dabbarsa a ciki domin kariya, kamar garken ɓauna ya yi da'ira ya sa 'yan maruƙa a tsakiya, ko zaki ya yi kwanton ɓauna a cikin doguwar ciyawa. Irin wannan dole ne ya daɗe har farkon layin mai shi na gaba. Idan ka share shi a ƙarshen zagaye, wanda ya yi wasa na farko zai ci moriyar kariyarsa a gaban kowa, na ƙarshe kuwa kariyarsa za ta ɓace kafin wani ya kawo masa hari, ya biya kuɗin abin da bai amfana da shi ba.

Motsin dajin shi ma yana buƙatar tsari tabbatacce da ba ya sauyawa. Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne dabbobin daji su fara motsawa, sannan a raba ci da sha, sannan a cire yunwa da ƙishirwa, sannan a ƙirga mutuwa, sannan haihuwa, sannan tsiron ciyawa da sauyin ruwa, a rufe da duba ko wani ya yi nasara. Sanya ci kafin yunwa yana hana dabbar da ta iso bakin ruwa da ƙyar ta mutu a kan abin da ta zo nema.

Sai batun wanda zai fara. Idan tafki ɗaya ya rage a tsakiyar rani, wanda yake fara wasa a kowane zagaye yana da fifiko a bayyane. Abin da yake fara zuwa wa mutum a rai shi ne a riƙa juya jerin, amma wannan yana da nasa aibin. A wasan mutum biyu, idan Audu ya fara Binta ta biyo, sannan a zagaye na gaba Binta ta fara, to Binta ta yi wasa sau biyu a jere, kuma idan kuraye take jagoranta, za su ci ninkin tafiyarsu ba tare da garken Audu ya samu damar gudu ba. Ko a wasan mutum uku, wanda ya fara a wannan zagaye ya koma na ƙarshe a na gaba zai zauna yana kallo sauran biyun su yi wasa sau bibbiyu. Saboda haka na fi son a bar jerin a tsaye, a cire fifikon ta wata hanyar: ci da sha kada su auku nan take, a jinkirta su zuwa ƙarshen zagaye, a raba abin da ke wurin tsakanin duk dabbobin da suke kansa ko suke maƙwabtaka da shi gwargwadon yawansu. A kuma bai wa na ƙarshe a jeri damar fara zaɓen wurin da garkensa zai sauka a farkon wasa.

Mataki na uku: kowane aiki ya bi ta ƙofa ɗaya

A wasan mutum ɗaya ba laifi ba ne danna allo ya motsa dabba kai tsaye. A nan kuwa ana buƙatar danna allo ya haifar da umarni ne kawai, wato ɗan ƙunshin bayani mai ɗauke da lambar ɗan wasa, da lambar dabba, da irin aikin, da gidan da aka nufa. Umarnin sai ya tafi wuri ɗaya da yake bincika shi: shin layin wannan mutum ne, shin dabbar tasa ce, shin tana da sauran ƙarfi, shin gidan yana cikin inda za ta iya kaiwa. Idan ya tsallake binciken a zartar, a kuma rubuta shi a kundin umarnai.

Amfanin wannan ya wuce hana mutum taɓa dabbar wani. 'Yan wasan da kwamfuta take riƙe wa kujera za su bi ta wannan ƙofar, don haka cike gurbin wanda ya tashi ya tafi bai wuce sauya mutum_ne zuwa ƙarya ba. Kundin umarnan kuma shi ne zai ba ka damar janye motsi da sake nuna abin da ya faru.

Game da sa'a, kada ka bar kowane sashe yana kiran randi na gama-gari. Ka ƙirƙiri RandomNumberGenerator guda domin duk abin da ya shafi sakamakon wasa, kamar nasarar farauta da zuwan ruwan sama, ka ware wani dabam domin ado, kamar kaɗawar ciyawa da tashin ƙura. Idan suka haɗu, yawan ƙurar da ta tashi a allo zai iya sauya sakamakon farautar da ke tafe, kuma ba za ka taɓa iya maimaita wasa domin bin sawun kuskure ba.

Mataki na huɗu: idanun kowa da labulen miƙawa

A dara, komai yana shimfiɗe a ƙasa a gaban 'yan wasa biyu, babu abin da ɗaya ya sani wanda ɗayan bai gani ba, shi ya sa zama a kan fili ɗaya ba ya rage wa wasan komai. Wasan namun daji kuwa ransa yana cikin ɓuya. Idan mai gwanki ya san ciyawar da zaki yake kwance a ciki, farauta ta ƙare tun ba a fara ba. Aikinka shi ne ka kare wannan sirri alhali mutanen suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Ka fara da bai wa kowane ɗan wasa nasa taswirar gani, inda kowane gida yake cikin ɗayan hali uku: wanda ba a taɓa gani ba, wanda aka taɓa gani amma yanzu babu ido a kansa, da wanda ake gani a yanzu. Bayit ɗaya ya isa kowane gida, don haka taswira mai gida 64 a tsaye da 64 a kwance za ta ci bayit 4,096 ga mutum ɗaya, 16,384 ga mutum huɗu, abin da ko ƙaramar waya ba za ta ji nauyinsa ba. Hali na biyu yana buƙatar kulawa: gidan da aka taɓa gani ya nuna abin da ɗan wasa ya gani a ƙarshe, ba abin da ke wurin yanzu ba. Idan ya bar tafki cike da ruwa, ya ci gaba da ganinsa cike har sai ya koma ya tarar ya ƙafe. Wannan yana nufin ka ajiye wa kowa kwafin yawan ciyawa da ruwa na ranar da ya gani. Wajen zana hazon, wato lulluɓin da ke rufe gidajen da ɗan wasa ba ya gani, TileMapLayer da ya shigo a Godot 4.3 ya wadatar: shimfiɗa ɗaya a saman taswira, a sake zana ta daga bayanan mai layi duk lokacin da aka miƙa.

Hazon kaɗai ba ya rufe sirri, domin akwai ƙananan kafofi da yake yoyo ta cikinsu, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi ɓoyuwa ita ce neman hanya. Idan kana amfani da AStarGrid2D, kuma ka toshe duk gidan da dabba take kai da set_point_solid, to layin hanyar da wasan zai zana wa ɗan wasa zai kauce wa zakin da yake ɓoye, kuma mai lura zai gane akwai wani abu a wurin. Dole a lissafa hanya da abin da ɗan wasan ya sani kawai, idan dabbarsa ta yi karo da abin da ke ɓoye a tsakiyar tafiya sai a tsayar da ita a nan, a bayyana abin da ta tarar. Kafa ta biyu ita ce janye motsi. Idan mutum zai iya tura gwanki ya leƙa bayan dutse sannan ya janye, ya samu labari kyauta. Battle for Wesnoth ya warware wannan ta hana janye duk motsin da ya buɗe hazo ko ya kai ga faɗa, kuma wannan ƙa'ida ta dace da wasanmu sarai. Sauran kafofin su ne ƙaramar taswirar kusurwa, da sautin dabbar da ba a gani, da jadawalin da ke nuna yawan dabbobin kowa, da kundin saƙonni idan guda ɗaya ne na kowa da kowa.

Sai labulen kansa. Da ɗan wasa ya kammala, abu na farko da zai faru shi ne allo ya rufe ruf da shafi mara nuna komai na taswira, ɗauke da sunan mai karɓa da launinsa da alamar dabbarsa. Ka sa shi a CanvasLayer mai lamba sama da ta kowa, ka sa mouse_filter ɗinsa a kan tsayar da dannawa domin kada yatsa ya ratsa zuwa abin da ke ƙasa. Tsarin aukuwar abubuwa yana da muhimmanci ƙwarai: a fara sauke labule, sannan a sauya hazo da kyamara da bayanan gefe a bayansa, sannan a jira mai karɓa. Idan aka sauya kafin labulen ya gama sauka, ko da na ƙiftawar ido ne, mai miƙawa zai hango inda abokinsa yake. Kada labulen ya zama mai dusashewa a hankali saboda wannan dalili. Maɓallin buɗewa kuma kada ya zauna daidai inda maɓallin kammalawa yake, domin wanda ya danna sau biyu cikin sauri zai buɗe allon wani. Ya fi kyau a sa shi a wani gefen, ko a buƙaci a danne shi na daƙiƙa ɗaya kafin ya buɗe.

Ba kowane zama ne yake son ɓuya ba. Iyaye da yara, ko masu koyon wasan, sukan fi son kowa ya ga komai a yi ta shawara tare. Ka sa zaɓi a shafin farawa na kashe hazo, wanda idan aka kashe shi labulen zai koma ɗan gajeren rubutu da ke sanar da mai layi.

Mataki na biyar: ka gaya wa mai karɓa abin da ya faru a bayansa

Mutumin da ya karɓi waya bai ga abin da ya faru tun da ya miƙa ta ba. Idan ya buɗe ya tarar garkensa ya ragu da biyu ba tare da bayani ba, zai ɗauka wasan ne ya lalace. Saboda haka duk lokacin da wani abu ya auku, ko a layin wani ko a motsin daji, ka duba waɗanne 'yan wasa ne gidan yake cikin ganinsu a wannan lokacin, ka rubuta aukuwar a rahoton kowannensu. Idan labule ya ɗaga, a nuna masa rahoton a taƙaice: an kashe maraƙi a bakin rafi, an haifi biyu, tafkin gabas ya ragu, kuma danna kowane saƙo ya kai kyamara wurin. Motsin daji na ƙarshen zagaye shi ma a bayan labule zai gudana, kowa ya ga rabonsa a cikin rahotonsa, domin idan aka nuna shi a fili to da idanun wani za a nuna shi.

Mataki na shida: nasara, faɗuwa da zaman jira

A wasan mutum ɗaya, tsira kaɗai ta isa manufa. Da mutane suka yi yawa sai tambaya ta taso: idan mai kuraye da mai ɓauna duk sun tsira, wa ya ci? Ƙirga kawuna ba zai yi adalci ba. Tun aikin Raymond Lindeman na 1942 masana muhalli suke kiyasta cewa kusan kashi goma cikin ɗari ne kawai na ƙarfin abinci yake haurawa daga mataki zuwa na sama da shi, wanda shi ya sa masu cin nama a kullum suke da ƙaranci a kan masu cin ciyawa. Idan wasanka ya bi wannan gaskiyar, ko da sama-sama ne, mai ɓauna zai fi kowa yawa a kowane lokaci. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna kowa da inda ya faro: wanda ya fara da kuraye 5 ya ƙare da 8 ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, ya kuma fi wanda ya fara da ɓauna 20 ya ƙare da 28, wanda ƙaruwarsa kashi 40 ce. A yanke tsawon wasan tun farko, misali shekara biyu ta cikin wasa, domin kowa ya san lokacin da za a yi hisabi.

Akwai haɗarin kowa ya koma kusurwarsa ya yi ta kiwo ba tare da an haɗu ba. Dajin gaske ya riga ya ba da maganin wannan. A gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, idan rani ya tsananta namun daji sukan tattaru a kewayen kogin Gaji saboda ruwan sauran wurare ya janye, kuma lokacin ne aka fi ganinsu. Ka gina taswirarka a kan wannan: ƙananan tafkuna da yawa a gefe waɗanda suke ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, da ruwa mai ɗorewa a tsakiya wanda nisansa daga mazaunin kowa ya yi daidai. Damina ta zama lokacin bazuwa da haihuwa, rani ya zama lokacin haɗuwa da gwagwarmaya.

Wanda garkensa ya ƙare da wuri shi ne matsalar da ta fi damuna a irin wannan wasa, domin mutum ne da yake zaune a ɗakin, ba baƙon intanet da zai kashe ya tafi ba. Kada a bar shi ya zama ɗan kallo na awa guda. Ana iya ba shi ƙaramin garke mai ƙaura da zai shigo daga bakin taswira a farkon damina mai zuwa, da makin da aka rage masa, ko a damƙa masa dabbobin daji ya riƙa tafiyar da su a madadin kwamfuta. Idan ka zaɓi na biyun, ka hana shi ganin dukkan taswira, domin kada ya zama mai naɗa sarki tsakanin waɗanda suka rage.

Zaman jira ma lissafi ne. Idan mutum huɗu ne kuma kowa yana cin minti biyu, kowane ɗan wasa yana jiran minti shida kafin ya sake taɓa allo. Hanyar rage wannan ita ce a taƙaita yawan umarnin da ake bayarwa a layi ɗaya, misali uku ko huɗu, a kuma sa garke ya motsa a matsayin abu ɗaya maimakon dabba-dabba. Agogon ƙayyade lokaci ya zama zaɓi ne da masu wasa za su kunna da kansu.

Mataki na bakwai: ajiya

Wasan mutum huɗu yana da tsawo, kuma waya tana iya ɗaukewa ko kira ya shigo. Ka ajiye wasan kai tsaye a duk lokacin da labule ya sauka, a cikin user://, kuma idan an dawo da shi ya buɗe a kan labule, ba a kan taswirar mai layi ba, domin ba ka san hannun da wayar take ciki ba. Haka nan idan Android ta tura wasan baya, wanda Godot yake sanarwa da NOTIFICATION_APPLICATION_PAUSED, ka ajiye ka kuma sauke labulen. Ajiyar ta ƙunshi jerin 'yan wasa, da matsayin layi, da lambar zagaye, da taswirar gani da rahoton kowa, da seed da state na injin sa'a, wato lambar da RandomNumberGenerator ya faro da ita da inda ya tsaya a yanzu.

A nan akwai tarko biyu. JSON yana karanta kowace lamba a matsayin mai ɗigo, wadda ba ta riƙe fiye da bit 53 daidai, alhali seed da state bit 64 ne, saboda haka ka ajiye su a matsayin rubutu, ko ka yi amfani da store_var na FileAccess. Wajen dawo da su kuma ka fara sa seed sannan state, domin sa seed yana sauya state. Idan aka yi sakaci da ajiye seed da state, mai son zamba zai iya rufe wasa ya sake buɗewa har farautarsa ta yi nasara.

Mataki na takwas: gwaji

Tunda kwamfuta tana bin ƙofa ɗaya da mutane, kana iya cika dukkan kujeru da ita, ka gudanar da Godot da --headless ba tare da zane ba, ka bar ta ta buga ɗaruruwan wasanni kana rubuta wanda ya ci da kujerar da ya zauna. Ka fara da bai wa kowa jinsi ɗaya: idan kujera ta farko tana cin fiye da rabonta nesa ba kusa ba, matsalar tana cikin tsarin layi ko taswira. Idan wannan ya daidaita, sai ka gauraya jinsuna kana juya kujerunsu, domin ka bambance fifikon jinsi da fifikon kujera. Ka kuma gwada cewa wasa mai mutum ɗaya da mai mutum huɗu suna ba da yawan ciyawa iri ɗaya a gidan da ba a taɓa ba bayan zagaye 20. Idan suka bambanta, akwai wani abu na ƙarshen zagaye da ya saura a cikin layi.

Abin da kwamfuta ba za ta gwada maka ba shi ne miƙawar kanta. Ka zaunar da mutane uku ko huɗu da ba su san wasan ba, ka ba su waya ɗaya, ka koma gefe ba tare da ka yi musu bayani ba. Ka lura da wanda ya buɗe labulen wani bisa kuskure, da wanda ya karɓa ya rasa inda garkensa yake, da wanda ya tambayi abin da ya kashe masa dabba alhali rahoton yana gabansa, da lokacin da masu jira suka fara duba wani abu dabam. Idan mutum ya kasa gane dabbobinsa a cikin na wasu, launi kaɗai bai isa ba, musamman ga masu matsalar bambance ja da kore, sai ka ƙara wa kowane ɗan wasa siffa tasa a ƙarƙashin dabbobinsa, da'ira ko murabba'i ko alwatika, ka kuma faɗaɗa maɓallan zuwa aƙalla 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon waya) da Android ta ba da shawara, sannan ka sake zaunar da wasu sababbin mutanen a zagayen gwaji na gaba.